Sana'a Sa'a: Daga Raƙuman Dantata Zuwa Littafin Mai Zoɓo

 Waɗanda suka fara jarrabawa Allah Ya ba da sa'a, waɗanda ba su fara ba kuma a rage kallon waya da daddare.

Dogon hutu ya ƙarato, na kuma san da yawanku sun fara tunanin abin da za su riƙa juyawa kafin a koma aji. Wani zai bi babansa kasuwa, wata za ta kafa kaskon awara a ƙofar gida, wani yana lissafin buɗe teburin cajin waya a bakin layi. Saboda haka yau hirarmu a kan halayen mutanen da kasuwa ta karɓa ce: me suke yi kullum wanda sauran jama'a ba sa yi?

Kafin nan, ga wata magana da manya ba su cika gaya muku ba. Duk ajin da malami ya shiga ya tambaya wa kuke so ku zama, da wuya a rasa mai cewa Dangote. Daga nan sai a ba ku labarin yadda yake sayen kwalin alawa yana sayar wa 'yan ajinsu tun yana firamare. Labarin gaskiya ne, shi da bakinsa ya sha faɗa. Abin da ake tsallakewa shi ne gidan da ya fito. An haifi Aliko Dangote a Kano a 1957. Mahaifiyarsa 'yar Alhaji Sanusi Dantata ce, shi kuma Alhaji Sanusi ɗan Alhaji Alhassan Dantata ne, mutumin da a zamaninsa ake cewa babu mai kuɗinsa a Afirka ta Yamma. Da Aliko ya tashi fara kasuwanci a 1977, yana ɗan shekara 20, a cikin danginsa aka ranta masa jari, irin jarin da ba kowane matashi ke ko mafarkinsa ba. Daga baya kuma manufofin gwamnati na taƙaita shigo da siminti daga waje sun ba masu masana'anta a cikin gida dama, har yau masana suna muhawara a kan yawan abin da hakan ya ƙara masa.

Ba don in rage masa daraja na kawo wannan ba. 'Ya'yan masu kuɗi nawa ne aka bar wa dukiya ta narke a hannunsu kamar ƙanƙara a watan bazara? Shi ya riƙe, ya ninka. Na kawo ne don kada wani cikinku ya sayar da alawa wata uku, ya ga bai zama komai ba, ya ce shi ba shi da sa'a. Idan kuna neman wanda ya fara daga ƙasa a gidan nan, sai ku koma baya zuwa ga kakan mahaifiyar tasa.

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda fatauci ne gadonsu. Yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Akra ta ƙasar Ghana, garin da mutanen da ke kira Ankara, ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka samo Dantata, sunan da yau ke jikin manyan kamfanoni da tituna. Masu ba da tarihinsa sun ce ita ce ta koya masa tanadi da ajiya a asusu. Ya yi karatun allo, ya yi ƙananan ayyuka don ya ci, yana wajen shekara 15 ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Yaƙin Basasa da ya yamutsa ƙasar Kano daga 1893 zuwa 1895 shi ma bai bar shi ba. Wato dai maraya ne da ya sha wuya, ba wanda aka shimfiɗa wa darduma ba.

Goro ya fara yi, kuma duk wanda ya san goro ya san kaya ne mai wuyar sha'ani. Ba ya son rana, ba ya son busasshiyar iska. Sai an lulluɓe shi da ganye an ɗaure huhu, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama tun bai shafi 'yan'uwansa ba. Daga Gwanja zuwa Kano da jakuna tafiyar watanni ce, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowane kogi, ga harajin kowane sarki da aka ratsa ƙasarsa. Haka iyaye da kakanni suka yi, haka kowa ke yi. Alhassan kuwa ya lura da jiragen ruwan Turawa da ke zirga-zirga a gaɓar teku, sai ya shiga sahun farko na fataken Arewa da suka riƙa loda goro daga Akra da Sekondi zuwa Legas ta ruwa. Ku yi lissafin da kanku. Wanda ya rage kwanakin da goro ke yi a hanya ya rage ruɓa, sannan kuɗinsa sun dawo hannunsa da wuri, ya sake juya su, alhali abokin sana'arsa yana can daji yana kora jaki.

Sai kuma jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulki auduga suke fata za a riƙa lodawa, domin masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka duba farashi, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma ko ba ta sayu ba ana iya ci, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli. Suka dukufa kan gyaɗa. Manyan fatake irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo sun riga Alhassan shiga wannan harka. Shi sai a 1918 ya fara saya wa kamfanin Turawa na Niger Company. Amma cikin 'yan shekaru ya sha gabansu duka. A 1929, da bankin Bank of British West Africa, wanda shi ne tushen First Bank na yau, ya buɗe reshe a Kano, an ce kuɗin azurfa na lodin raƙuma 20 ya kai ajiya. Dalar gyaɗar da kuke gani a hotunan littafin tarihi, wadda akan ce guda ɗaya tana cin buhu dubu 15, da sunansa ake haɗa ta.

Halin farko ke nan, kuma shi ne wanda ba a koyarwa a aji: lura. Jirgin ruwa kowa ya gan shi, dogo kowa ya gan shi. Wasu sun tsaya kallo, shi ya tambayi kansa me wannan abu zai canja a sana'ata. Ku ma kuna da idon. Me 'yan unguwarku ke tafiya mai nisa kafin su samu? Wane abu ne kullum ake cewa ya ƙare a shagon kusa da makaranta? Ƙarfe nawa layinku ke cika da mutane, kuma me suke riƙe da shi a hannu? Da yawan yara abin da maƙwabci ke sayarwa suke kwaikwaya, shi ya sa za ka ga masu awara biyar a layi ɗaya, babu ko mai sayar da yajin da za a ci awarar da shi.

To, yaya aka yi wanda ya makara shekara shida ya wuce waɗanda suka riga shi? Amsar tana wajen mutanensa. Gyaɗa ba a Kano birni take ba, tana ƙauyuka. Sai an ba wakilai kuɗi a hannu, su shiga lungu da saƙo su yi awo, su tara, su kawo. Kamfani ya ba Alhassan kuɗi, shi ya rarraba wa yaransa, su kuma su ba nasu yaran. Babu waya, babu banki a ƙauye, babu ɗan sandan da zai bi sawun kuɗin. Abu ɗaya ne ke riƙe da wannan doguwar sarƙa, wato amana. Wanda aka san zai kawo abin da ya ce, ranar da ya ce, shi ake ƙara wa kuɗi baɗi. Wanda ya jiƙa gyaɗa don ta yi nauyi, ko ya zuba tsakuwa a gindin buhu, ya ci riba sau ɗaya ya rufe wa kansa ƙofa.

Har gobe haka kasuwa take. Ku shiga Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ku tambaya, za ku tarar kaya masu yawa ba da kuɗi hannu ake ɗaukarsu ba. Babban ɗan kasuwa ya ba ƙarami, a sayar a kawo kuɗi. Yaron shago ya yi shekaru yana shara, yana ɗaukar dila, yana kai saƙo, maigida yana kallonsa ta wutsiyar ido. Ranar da za a sallame shi, jarin da za a ba shi ɗaya ne, amma abin da ya fi jarin shi ne maigida ya kama hannunsa ya kai shi wajen masu sari ya ce wannan yarona ne, ku ba shi kaya. Wannan kalma ta fi miliyan. 'Yan'uwanmu Ibo ma suna da irin wannan tsari na bautar shago, shi ya gina kasuwannin Onica da Aba da Nnewi.

Kada ku ɗauka sai kun girma za a fara auna ku. An riga an fara. Wanda aka aika da dubu ɗaya ya dawo da canji cif ba tare da an tambaya ba, da wanda sai an ce ina sauran, iyaye da maƙwabta sun san bambancinsu. Wanda ya ari littafi ya dawo da shi da bango, 'yan aji sun sani. Waɗannan 'yan ajin naku su ne nan da shekara 15 za su zama ma'aikatan banki da masu shaguna da 'yan kwangila, kuma mutum ba ya manta wanda ya cinye masa kuɗin adashi a aji uku.

Yanzu mu zo inda na fi so mu daɗe, domin a nan ne ƙananan sana'o'i suka fi mutuwa. Mu ɗauka wata ɗaliba, mu kira ta mai zoɓo, ta samu naira dubu 5 daga goggonta. Ta sayi zoɓo da sukari da citta da kanumfari da robobi da ƙanƙara, kuɗin suka tafi duka. Ta samu roba 40, kowace naira 200. A ranta ta riga ta lissafa dubu 8, ribar dubu 3 ke nan, har ta fara tunanin takalmin sallah.

Ga yadda ranar ta kasance. Ƙannenta da yayanta suka sha roba 4, ai na gida ne. Ƙawaye suka ɗauki 3 bashi, sai gobe. Guda 3 suka yi kwantai, babu wuta, kafin safe sun yi tsami. Saura 30 aka saya da kuɗi hannu, dubu 6 ke nan. Ta dafa zoɓon da gawayin mama, a ce na naira 500, ta hau a-daidaita-sahu zuwa kasuwa da dawowa, a ce naira 300, duk ba ta sa su a lissafi ba don ba daga jakarta suka fita ba. Idan aka haɗa, abin da aka kashe dubu 5 da 800 ne. Ribar da ke hannu naira 200 ce tak. Idan ƙawayen sun biya, ta zama 800.

Amma ita ba 200 take gani ba. Dubu 6 take gani a cikin gwangwani, kuma dubu 6 kuɗi ne. Ta sayi data ta dubu da 500. Washegari ta je kasuwa da dubu 4 da 500, kuɗin da ba za su sayi kayan jiya ba. Ta yi roba 35 ko ƙasa da haka, aka sake sha, aka sake cin bashi, aka sake sayen wani abu. Kafin mako biyu sana'a ta mutu, a gida kuma a ce ai kasuwa ce ba ta karɓe ta ba, ko a ce baki ne. Babu bakin kowa a ciki. Uwar kuɗi aka cinye ana zaton riba ce.

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a kasuwa, ko ya yi boko ko bai yi ba, ya san wannan bambanci kamar yunwar cikinsa. Uwar kuɗi ba taka ba ce, ta sana'a ce. Riba ma ba duka ake ci ba, ana mayar da wani kaso ciki don jarin ya girma, musamman a wannan zamani da kayan da ka saro yau ba za ka same su a farashin ba wata mai zuwa. Masu tarihin Alhassan Dantata sun ce duk da dukiyarsa, tuwon dawa da fura yake ci kamar kowa, tufafinsa farare ne marasa ado. Mutane kan ba da wannan labari don nuna tawali'unsa, haka ne kuma. Ni dai ina ganin har da lissafi a ciki. Raƙuman nan 20 ba daga sama suka faɗo ba, kuɗi ne da aka ƙi kashewa shekara da shekaru.

Maganin matsalar mai zoɓo bai fi littafi mai fallen 40 da biro ba. Kowace rana shafi ɗaya. A rubuta duk abin da ya fita, har gawayin mama da kuɗin mota. A rubuta duk abin da ya shigo. A ware gefe na masu bashi, da suna da rana da adadi. Wanda ya sha na gida ya biya, ko mai sana'ar ce da kanta ta sha ta zuba kuɗin a gwangwani. Za a ce ta cika ƙwauro, za a yi mata dariya kwana biyu, daga baya a saba. Game da bashi kuwa, Hausawa sun ce hanji ne yana cikin kowa, ba za a iya hana shi gaba ɗaya ba. Amma waɗanda suka yi nisa a Islamiyya sun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Idan wata ta ce don me za ki rubuta sunana kamar ba ki yarda da ni ba, kin san amsar da za ki ba ta.

Akwai wani ciwo da ke kama 'yan makaranta musamman, wato jin kunya. Da zarar yaro ya sa farin yunifom ya iya Turanci kaɗan, sai ya ga ɗaukar tire ya yi masa ƙanƙanta. Bari in ba ku labarin wata mata daga Ghana, Esther Afua Ocloo, wadda aka haifa a 1919. 'Yar talakawa ce, amma ta samu shiga Achimota, makarantar da a lokacin babu kamarta a ƙasar. Da ta gama ba ta samu aiki ba. Wata innarta ta ba ta sule goma. Ta sayi lemo da sukari da kwalabe 12, ta dafa irin abin shafa wa burodin nan na lemo, ta ɗauka ta shiga titunan Akra tana sayar da kowace kwalba sule guda. Tsofaffin 'yan ajinsu suka riƙa yi mata dariya, wai 'yar Achimota ce ke talla kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ba ta fasa ba. Daga baya makarantar tasu ce da kanta ta ba ta kwangilar kawo wa ɗalibai, sannan ta samu ta sojoji. Ta kafa kamfanin sarrafa abinci mai suna Nkulenu, kuma a shekarun 1970 tana cikin matan da suka kafa Women's World Banking, ƙungiyar da ke taimaka wa mata su samu ƙananan rance a ƙasashe da dama. Ta rasu a 2002. Sunayen masu dariyar kuwa babu wanda ya adana.

Ku lura, sule 6 ta zuba ta samu 12. Ribar sule shida. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma ta san ainihin ribar, ta kuma koma kasuwa washegari.

Abu na gaba shi ne faɗuwa. Hotunan da kuke gani a Facebook da TikTok na motoci da jiragen sama ne, ba wanda ke ɗaukar hoton ranar da ya rufe masana'anta. Dangote ya shiga harkar masaƙa, bai ji da daɗi ba, ya rufe. A 2016 ya buɗe kamfanin tumatirin gwangwani a Kadawa ta Jihar Kano, wanda aka gina don ya riƙa cin tan 1,200 na tumatir a rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonaki, tumatir ya yi tsada, kamfani ya tsaya bayan ɗan lokaci kaɗan, kuma ko bayan nan ya sha buɗewa da rufewa saboda ƙarancin tumatir. Matatar mansa ta Lekki a Legas, mai tace ganga dubu 650 a rana, tun 2013 aka sanar da shirinta, aka yi ta ɗage ranar kammalawa, sai a 2023 aka ƙaddamar da ita, fetur kuma bai fara fitowa ba sai 2024. Shekara 11 ke nan. Wanda yake aji ɗaya na firamare lokacin da aka sanar, ya kusa gama sakandare kafin a ga digon fetur.

Akwai kuma darasin da wasu suka koya a hannunsa. A 2012 wani babban kamfanin Afirka ta Kudu mai suna Tiger Brands ya sayi kaso mafi yawa na kamfanin fulawar Dangote a kan kuɗi kusan dala miliyan 200. Suna da kuɗi, suna da ƙwararru, amma ba su san kasuwar Nijeriya ba. Suka yi ta tafka asara, a ƙarshen 2015 suka mayar masa da kamfanin a kan dala ɗaya. Dala ɗaya, ba kuskuren buga jarida ba ne, sai dai ya ɗauki nauyin zuba wa kamfanin kuɗi don ya farfaɗo. Ya gyara shi, a 2019 ya sake sayar wa kamfanin Olam a kan naira biliyan 120. Kuɗi kaɗai ba sa kasuwanci idan mai su bai san wa yake sayar wa ba.

Abin da ke raba ɗan kasuwa da ɗan caca a wajen faɗuwa shi ne, ɗan kasuwa ba ya zuba duk abin da ya mallaka a rami ɗaya, kuma idan ya faɗi yana iya gaya maka dalili. Ku ma idan za ku gwada sabon abu a hutun nan, ku gwada da kaɗan. Roba 10 tukuna, a ga ko za ta ƙare.

Tunda an ambaci caca, dole in ja kunnenku. Duk sunayen da na ambata a sama, babu wanda kuɗinsa suka ninka cikin wata guda. A 2016 wani tsari mai suna MMM ya karaɗe Nijeriya da alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata. A watan Disamba na shekarar ya rufe asusun mutane, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata suka yi kuka. A watan Afrilun 2025 wani mai suna CBEX, wanda shi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 ya yi, ya bi sahu. Gobe wani zai zo da sabon suna, wataƙila ta wayar abokinku, wataƙila har da hoton wani wanda aka biya. Na farko-farko ana biyansu da gaske, da kuɗin na baya, don su jawo wasu.

Ku da kuke darasin lissafi kuna da makamin da za ku gane su. Ku ɗauki naira dubu 10 ku riƙa ƙara kashi 30 cikin 100 kowane wata, riba a kan riba. Bayan shekara ɗaya ta zama kusan dubu 233. Bayan shekara biyu ta haura miliyan 5. Bayan uku ta haura miliyan 126. Ku gwada a kalkuleta ku gani. Idan da akwai sana'ar da ke haihuwa haka, me zai sa Dangote ya yi shekara 11 yana fama da ƙarafa a fadamar Lekki? Me zai sa mai tsarin ya nemi dubu gomarku? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka shagunan cacar ƙwallo da suka cika unguwanni: mai shagon ne ɗan kasuwa, ya yi lissafinsa tsaf, masu shiga su ne hajar.

Wani zai ce to ai Bill Gates da Mark Zuckerberg barin makaranta suka yi. Jami'ar Harvard suka bari, bayan sun ci jarrabawar shigarta, ba aji biyu na babbar sakandare ba. Dangote ya yi digiri a Jami'ar Azhar ta Alƙahira. Abdul Samad Rabiu mai kamfanin BUA ya karanci tattalin arziki a Amurka kafin ya dawo ya kama harkokin mahaifinsa. Mo Ibrahim ɗan Sudan, wanda ya kafa kamfanin waya na Celtel a 1998 ya sayar da shi a 2005 a kan dala biliyan 3.4, injiniya ne mai digirin digirgir, ilimin nasa ne ma jarinsa. A zamanin Alhassan Dantata ana iya riƙe lissafi a ka da taimakon malamai masu rubutu. Yau takardar banki da ta haraji da ta kwastan da yarjejeniyar haya duk sai an karanta, wanda bai iya ba kuma sai ya sa hannu a kan abin da wani ya gaya masa. Sana'ar hutu ta hutu ce, ranar da aka koma makaranta a miƙa wa wani a gida ko a rage ta zuwa Asabar da Lahadi. 'Yan mata kuma, sana'ar da za a yi a gida ko ƙofar gida da sanin iyaye ta fi yawon talla a tasha da gareji, ko da ribar can ta fi.

Ga aikin gida, tunda ba a rabuwa da malami ba aiki. Kowa ya nemi mutum ɗaya a danginsu ko unguwarsu wanda ya haura shekara goma yana sana'a ɗaya, ko mai shayi ne, ko tela, ko mai ƙuli-ƙuli. Ku gaishe shi da ladabi, ku zaɓi lokacin da ba ciniki, ku tambaye shi abu uku: da nawa ya fara, wace asara ce ta fi girgiza shi, kuma yaya yake yi da masu cin bashi. Kada ku tambaye shi nawa yake samu, ba zai faɗa ba, kuma rashin ɗa'a ne. Ku rubuta amsoshin a shafi ɗaya ku aiko ta hannun malaminku na Hausa ko na kasuwanci, ba tare da sunan mutumin ba sai in ya yarda. Waɗanda suka fi ma'ana za mu buga su a wannan shafi bayan hutu.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, adashi za mu duba: yadda ake zubi, yadda ake kwasa, da abin da ake yi idan uwar adashi ta ce kuɗi sun ɓata.